Tukunyar Lahadi Ta Ci Gashin Bakina

Na rantse da Allah ba za ku yarda da labarin nan ba, ko da na kawo muku shaidu dubu uku. Kuma ina da su, don mutum dubu uku ne suka tsaya suna kallo. Ni kaina da abin ya faɗa wa, sai na shafa leɓena na sama na ji shi sumul kamar bayan cokali sannan nake yarda.

Sunana Sabino, amma in kun shigo tsohuwar unguwar birnin Bari kuka ce Sabino, sai a tambaye ku wanne. Ku ce Kyaftin, ko kyanwar unguwa za ta raka ku har ƙofarmu. Ni da makaranta mun rabu baram-baram a aji biyu na sakandare, ranar da malamin lissafi ya sa hannu a jakarsa ya gaisa da ƙaguwa mai rai. Daga nan na tafi birnin Genova na yi shekara uku, na dawo da farar hula mai ɗinkin zinariya da labaran teku fal bakina. Tsakanina da ku, ruwan da na yi fama da shi a Genova na wanke-wanke ne, a wani gidan abinci mai kallon tashar jiragen ruwa. Hular kuwa wani matuƙi ne ya mance ta a kan kujera. Amma jirage na gan su ta taga, na gan su da kyau, kuma wanda ya kalli abu shekara uku ai ya san shi. Shekara ashirin da biyu ina cin wannan suna. In masunta suka ce in zo mu fita teku, sai in ce ni na wuce wasa da kwale-kwale. Na kuma tara gashin baki mai murɗaɗɗen tsini biyu, wanda ko kyaftin na gaske ya gani sai ya sara masa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba: Cataldo, wan matata Porzia, wanzamin unguwarmu. Duk ranar da na zauna a kujerarsa sai ya riƙa kallon gashin bakin nan kamar mahauci yana kallon ɗan maraƙi.

To, surukaina, Baba Onofrio da Mama Serafina, suka cika shekara hamsin da aure. 'Ya'ya da jikoki suka haɗa musu tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, daga Bari zuwa tsibiran Girka, aka ce ni da Porzia da Cataldo mu ne 'yan rakiya. Na ce bayana na ciwo. Na ce na ƙoshi da teku. Porzia ta ce ai shi ya sa aka zaɓe ni, don tsofaffi su samu wanda ya san hanya. 

Rigima ta taso ne da takardar jirgi ta iso. An rubuta baro-baro cewa ba a shiga da dafaffen abinci, ga shi kuma ranar Lahadi za a tashi. Mama Serafina ta cire tabarau ta ajiye.

"Shekara hamsin," in ji ta, "mutumin nan bai taɓa cin abincin Lahadi daga hannun wata ba. Ko ranar da na haifi Cataldo sai da na sauke miya sannan na tafi asibiti. In tukunyata ba ta shiga, ni ma ba na shiga."

Baba Onofrio ya ci gaba da cin abincinsa. Shi dama maganarsa a yini ba ta wuce ta cikin cokali.

Cataldo ya ce, "To mene ne abin damuwa, Mama? Ga kyaftin sukutum a gidanki."

Bakina ya riga hankalina. Na ce tukunya ce wani abu? Ni da na taɓa shigar da akuya jirgi a Tunis, har ta haihu a ɗakin inji ba wanda ya sani. Nan take Cataldo ya miƙo hannu. Ya ce in Baba ya ci loma ɗaya daga tukunyar nan a cikin jirgi, zai cire mini hula ya kira ni Kyaftin a gaban duk wanda na zaɓa. In kuwa ba haka ba, gashin bakina nasa ne. Na tafa. Porzia ta dube ni, ta dubi gashin bakin, ta ci gaba da kwashe kwanuka.

Dabarar ta zo mini kafin in kai ƙofa. Na lura a talabijin cewa mai keken guragu ba a sa shi bi ta ƙofar binciken nan mai ƙara, sandar bincike kawai ake zagaya masa a jiki. Sai na aro keken mijin maƙwabciyarmu, Allah ya ji ƙansa, na sa Porzia ta rubuta a takarda cewa Baba ba ya iya tafiya. Baban nan kuwa tsohon magini ne, shekara saba'in da shida, kullum da safe a kan kekensa na hawa yake zuwa kasuwar kifi. Da na yi masa bayani, tambaya ɗaya ya yi: kujerar tana da laushi? Na ce ƙwarai. Ya ce to.

Ranar Lahadi tun asuba Mama ta ɗora miyar tumatir da naɗaɗɗen naman doki, a babbar tukunyar ƙarfe da ta gada wajen uwarta. Awa huɗu tana ɓararraka. Na roƙe ta ta bari ta huce, ta ce miya mai sanyi sai asibiti. Ta ɗaure murfin da tsumma, muka shimfiɗa tawul biyu a cinyar Baba, muka ɗora tukunya, muka lulluɓe shi da bargo. A watan Agusta.

Daga gida zuwa tasha tafiyar minti goma ce, amma sai da muka yi rabin awa. Matan da ke murza taliya a ƙofar gida suka taso suna tambayar me ya samu Onofrio, ai jiya ma sun gan shi yana tsere da babur. Na ce ƙugu ne. Kafin mu kai kwana labari ya zama shanyewar jiki, wata tsohuwa har ta damƙa masa hoton waliyyi tana hawaye. Ya karɓa ya yi fifita da shi.

Muna shan kwanar ganuwa na ga rana ta ɓace. Na ɗauka wani sabon gini aka yi ba mu sani ba. Fari fat, hawa goma sha huɗu, tagogi jere kamar saƙar zuma, hasumiyar cocinmu in ta tsaya kusa da shi sai ta ɗaga kai. Ashe jirginmu ne. Wanda nake gani ta taga a Genova nisa ne ke rage masa girma.  Mama ta kalle shi sama da ƙasa ta ce wace baiwar Allah ce ke wanke tagogin nan.

Na gyara hula na ce, "Ba laifi, ɗan madaidaici ne. Wanda na yi aiki a ciki, irin wannan guda biyu muke ratayewa a gefe saboda ko-ta-kwana."

Cataldo ya ce in nuna masa gaban jirgin. Na nuna. Wani ɗan dako da ke wucewa ya ce nan baya ne. Na ce na sani, ina gwada surukina ne.

A bakin tasha ake karɓar akwatuna, kowane da 'yar takarda mai lambar ɗaki, sai daga baya a kai maka har ƙofa. Mama ta rungume nata ta ce ba ta ba wa mutumin da ba ta san uwarsa ba. Cataldo na can yana lallashinta, ni kuwa na zaro biro na gyara lambar akwatinsa, uku ta koma takwas, ɗaya ta koma bakwai. Askarsa da almakashinsa duk suna ciki, don ko gidan biki ba ya zuwa ba su. Ba wai ina shakkar dabarata ba. Amma gogaggen matuƙi kullum yana da jirgin ceto.

Layin shiga ya yi tsawon titin bakin teku. Wata ma'aikaciya na ganin kekenmu ta buɗe igiya ta wuce da mu gaba, na waiwaya na kashe wa Cataldo ido. A wajen bincike mai gadi ya zagaya sandarsa, tana zuwa cinyar Baba ta fasa kuka kamar an taka wutsiyar kare. Na ce ƙarfe ne a ƙugunsa, tun lokacin yaƙi. Mai gadi ya dubi Baba yana lissafin shekaru, ya ce wane yaƙi.

"Wanda Kyaftin ya jagoranta," in ji Cataldo.

Gumi na tsiyaya daga haɓar Baba. Mai gadi ya sunkuya ya tambaye shi ko zazzaɓi yake ji. Baba ya ce, "Dahuwa nake." Mutumin ya yi dariya ya ce ai zafin bana sai haƙuri, ya dubi layin da ke bayanmu, ya ɗaga mana hannu. Mun wuce. Sai dai wasu mata biyu a baya sun fara ɗaga hanci, ɗaya na cewa wannan ƙamshin Lahadi daga ina, ɗayar na cewa ko wace ce ta cika albasa. Na ga wuyan Mama ya sandare. Na tura keke da sauri kafin ta waiwaya.

Gadar shiga jirgi tana da tudu. Ina turawa ina jin miya na kai-komo ƙarƙashin bargo. A tsakiya na yi kuskuren duba ƙasa, na hango ruwa can nesa, kore, tsakanin jirgi da bango. Na rufe ido, sauran gadar Baba ne ya riƙa ce mini dama, hagu.

Ciki kuwa ba jirgi ba ne, gari ne aka yi wa rufi. Kafet mai nitsar da ƙafa, fitilu na zubowa daga sama kamar inabi, lif na gilashi na hawa da sauka da mutane a ciki kamar kifi a kwalba, wani yana kaɗa piyano ba mai saurarensa. Kantuna, gidan rawa, har da itatuwa. Porzia ta kama hannuna ta ce Sabino, dubi. Mama ta goga yatsa a kan ƙarfen matakala, ta duba, ba ta samu ƙura ba, ranta ya ɓaci. Na hango wani dogo cikin fararen kaya da zinariya a kafaɗa, na je na ƙame na sara masa, na ce abokin aiki ne ke gaisuwa. Ya rusuna da ladabi ya miƙo mini takardar abin sha. Cataldo ya ce in tambayi abokin aikin nawa ko akwai lemo mai sanyi.

Aka ce ɗakuna sai ƙarfe biyu. Muka hau can sama, wajen tafkin wanka, inda aka jera abinci tuli-tuli, kowa ya ɗiba iya cikinsa. Mama ta bi layin abincin daga farko zuwa ƙarshe hannu a baya, kamar mai duba gawa, ta dawo ta ce Allah ya kyauta. Na samo tebur a lungu, bayan wata bishiyar roba. Na raɗa wa Mama cewa ga dama ta samu, a miƙa wa Baba loma ɗaya ta ƙarƙashin bargo a wuce wurin. Ta ce mijinta ba ɓarawo ba ne da zai ci abinci a ɓoye. Sai an shimfiɗa mayafin tebur, sai an kawo farar taliya, sai ƙarfe ɗaya ta buga. Ta zaro mayafi daga jakarta, ta zaro burodi, ta aiki Porzia neman taliyar da ba a ɓata da miyarsu ba. Na duba agogo. Saura minti bakwai in zama Kyaftin har a bakin Cataldo.

Sai jiniya ta tashi. Gajeru bakwai, doguwa ɗaya, har cikin haƙorana.

Duk suka juyo suna kallona, har da mutanen teburin kusa da suka ga hula. Na ce ba komai, alamar tashi ce, mun bar tasha ke nan. Ina faɗa cikina ya gaskata. Na ji ƙasa ta ɗan karkata, bishiyar roba ta yi gefe, karin kumallona ya fara tambayar hanya. Na dafa tebur na ce kowa ya riƙe wani abu, yau teku ta tashi da fushi, irin wannan igiyar na san ta a mashigin Sisiliya.

Ma'aikata masu rawayar hula suka firfito suna kora mutane gefe guda, suna raba rigunan ceto. Lasifika na magana da harsuna biyar, amma kunnena na ƙugi ban kama ko ɗaya ba. Aka ce mu tashi mu bi sahu. Mama ta naɗe mayafinta tana zage-zage, na kama keke muka shiga cikin jama'a, har muka zo kan wata 'yar gangara da ke sauka wajen tafki. Daga nan na hango ƙananan jiragen ceto a rataye, ma'aikata tsaye kusa da su.

Cataldo ya matso, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Kyaftin, ko dai nitsewa muke yi?"

Munafukin ya karanta takarda tun a gida. Ya san gwaji ne da ake yi wa kowane fasinja kafin a tashi. Ni kuwa takarda mai shafi goma sha biyu ba ni ba ita.

Ba zan ce na gudu ba. Na dai yi sauri. Na saki keke, na fizge riga biyu daga hannun ma'aikaci, na sa ɗaya gaba ɗaya baya, na ratsa jama'a har bakin jirgin ceto, na ɗora ƙafa kan ƙarfe ina cewa a yi haƙuri, doka ce kyaftin ya fara shiga ya gwada. Matuƙa biyu suka kamo ni ta ɗamara suka sauke kamar buhun dankali.

Ina juyowa na ga keke na gangarawa shi kaɗai. Baba Onofrio na zaune ƙyam, hannu biyu kan bargo, yana kallon gaba kamar direban bas. Mutane na tsalle gefe. Keken ya wuce tafki da taki ɗaya, ya je ya daki tarin kujerun shan rana, ya tsaya. Baba bai motsa ba, don na ce masa kome ya faru kada ya tashi. Sai ja ya fara ɓullowa a tsakiyar bargo, yana faɗi, yana ɗiga ta gefen taya.

Wata Bajamushiya ta yi ƙara ta zube. Aka ce jini, aka ce a kira likita, wasu tsofaffi daga unguwarmu da ke cikin fasinjoji suka fara yin alamar gicciye suna cewa dama sun ga alama tun da safe. Na kutsa da riguna biyu na tare gaban keken, na ce ɗinkin ƙugu ne ya buɗe, kada wanda ya ɗaga bargo, iska za ta shiga.

Jama'a suka dare, wata gajeriyar mace ta shigo, fararen kaya, zinariya uku a kafaɗa, ta gaske wannan karon. Shugabar tsaron jirgi ce, an rubuta Ladisa a ƙirjinta, kuma tana buɗe baki na ji harshen Molfetta, garin da ke gaba da mu a bakin teku. Ta sunkuya kan Baba, ta ja numfashi ɗaya, ta miƙe. Ta ɗaga wa likita hannu ya tsaya. Ba ta taɓa bargo ba, ba ta ko dube ni ba.

"Ku kwantar da hankalinku, ba jini ba ne," in ji ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Miya ce. Irin ta kwalba da ake saya a kanti. Kuma ta kama a gindi."

Porzia, da ta iso da farantin taliya a hannu, ta rufe ido. Ni na san an gama da ni tun kafin in waiwaya.

Mama Serafina ta ture ni gefe da hannu ɗaya. Ta fizge bargo ta yar, ta kwance tsumma, ta ɗaga murfi, tururi ya tashi, ƙamshi ya rufe hawa na goma sha huɗu kaf.

"Ta kanti? Tumatirin nan ni na matse shi da hannuna, kwalba ɗari da ashirin, a tsakar gidana. Ta kama a gindi? Yarinya, kawo cokali ki kai har ƙasa, in kin samo baƙi ɗaya ki jefa ni a teku."

Sai dariya ta fashe daga gaba ta bi har baya. Ni ban tsaya dariya ba. Tukunya a buɗe take, muna cikin jirgi, loma ɗaya kawai nake nema. Na durƙusa gaban keke na ce Baba, don girman Allah ku sa yatsa ku lasa.

Ya dube ni ya ce, "Ba tebur."

Na ce Baba, gashin bakina.

Ya ce, "Ba tebur, ba taliya."

Sai a lokacin Madam Ladisa ta juyo kaina. Ta kalli hula, ta kalli rigar gaba, ta kalli ta baya, ta tambaye ni a wane jirgi na yi aiki. Na ce da yawa, sunayen sun cakuɗe mini saboda wannan igiyar ruwa, ko gogagge ma takan juya masa ciki. Ta ce in zo. Ta kai ni bakin ƙarfen gefen jirgi ta nuna ƙasa. Igiyoyi masu kaurin cinya na nan ɗaure da bango. Ga 'yan dako suna shan taba. Ga ganuwa, ga hasumiyar coci, ga ma shanyar da Porzia ta mance a kan soronmu, wandona na rawa a iska.

"Sai ƙarfe biyar za mu tashi, Kyaftin," in ji ta.

Na juya wajen Porzia, don ita kaɗai nake jin kunya. Na fara cewa akwai wata magana game da Genova. Ta ce in bar shi, ta sani tun makon farko na aurenmu. Na ce wa ya gaya mata.

"Ba wanda ya gaya mini. Ba matuƙin da ke wanke kwano hamsin cikin minti goma, ya kuma jera su bisa girma. Me kake tsammani ya sa na aure ka?"

Hukuncin Madam Ladisa gajere ne. Tukunya ba ta kwana a jirgi, amma akwai sauran awa huɗu, kuma bakin tasha ba nata ba ne. Aka sauko mana da tebur da kujeru, ɗakin girki ya aiko da sabuwar taliya mai zafi, Mama ta shimfiɗa mayafinta. Nan Baba Onofrio ya ci abincin Lahadinsa na shekara hamsin daga hannun matarsa, taki ashirin daga jirgi, tafiyar minti goma daga gidansa. Madam Ladisa ta zauna ta ci faranti biyu, ta roƙi gafara, ta ce da gangan ta faɗi maganar kanti, don uwarta ma da haka ake kama ta. Mama ta ce ta yafe, ta ƙara mata nama, ta ce amma 'yan Molfetta ba su iya miya ba, a faɗi gaskiya.

Cataldo ya goge baki ya ce to, Sabino, lomar nan dai a ƙasa aka ci ta. Na ce na yarda, ni mutum ne mai cika alkawari, ya ɗauko askarsa. Ya tafi. Na jingina ina murza tsinin gashin bakina. Minti ashirin sai ga shi ya dawo ba akwati, amma da wani Baturke mai farar riga a bayansa, ɗauke da aska da sabulu da tawul mai zafi. Ashe jirgin har da shagon aski a hawa na tara, kuma wanzami ba ya hana wanzami kayan aiki. Cataldo ya ce akwatinsa ya ɓata, an ga lambar da aka gyara da biro, saboda haka rigunana zai sa har mu dawo.

An gama gwaji, fasinjoji duk sun fito bakin ƙarfe, hawa bisa hawa, suna leƙen teburinmu. Cataldo ya ɗaura mini mayafin Mama a wuya. Ya aske ɓangaren dama, jirgi ya ɗauki tafi. Sai ya ajiye aska ya ce bari ya ɗan ƙara taliya kada ta huce, ya bar ni zaune da rabin gashin baki mutum dubu uku na ɗaukar hoto. Da ya ga dama ya dawo ya share sauran. Iskar teku ta taɓa leɓena karo na farko cikin shekara ashirin da biyu.

Na ce shi ke nan, na biya, a mayar da keke wajen maƙwabciya mu shiga jirgi kamar mutane. Na waiwaya, sai na ga Baba Onofrio ya tashi daga tebur, ya miƙe, ya yi miƙa, ya taka da ƙafarsa garau, ya koma cikin keken ya zauna. Ya miƙa hannu ya cire hular daga kaina ya ɗora a nasa.

Na ce Baba, ai wasa ya ƙare, ku tashi.

"Takarda ta ce ba na iya tafiya," in ji shi. "Kai ka sa aka rubuta."

Madam Ladisa ta ce gaskiyarsa, abin da ke takarda shi jirgi ya sani, kuma mai keke dole ya kasance da mai tura shi duk inda aka sauka. Ta ƙara da cewa tsibirin da za mu tsaya jibi garinsa a kan dutse yake, matakala ta fi ɗari biyar, amma masu jakuna kan taimaka in an roƙe su.

Baba ya gyara zama, ya ja hular ta rufe masa ido, ya nuna gadar jirgi da haɓa.

"Tura, Sabino. A hankali, akwai kyaftin a ciki."